Tafkuna ko ginanniyar fadama? Tambayoyi da amsoshi kan tace ƙazamin ruwa a Jihar Kebbi

Makarantar kwana, asibiti, bariki, mayanka, rukunin gidajen ma'aikata, duk inda aka ja famfo sai ƙazamin ruwa ya fita, kuma dole ya nufi wani wuri. A yawancin garuruwanmu hanyarsa ɗaya ce: daga sokawe zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi, damina ta zo ta kwashe shi zuwa fadama. Akwai hanyoyi biyu na tace shi waɗanda ba sa neman lantarki ko injin da za a jira kayan gyaransa daga waje. Ɗaya ita ce jerin tafkuna, ɗaya kuma fadamar da ake ginawa da hannu a shuka mata ciyawa. Ga tambayoyin da kan taso idan an zauna shawarar wacce za a ɗauka.

Su waɗannan tafkuna yaya suke aiki?

Ramuka ne masu faɗi da ake tonawa a jere, ruwa ya shiga na farko, ya kwana, ya wuce na biyu, har ya fita ta na ƙarshe. Kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne mai zurfi, daga mita 2 zuwa 5. Ƙazantar da ke shigarsa tana da yawa har babu iskar oksijin a cikinsa. Kamar yadda laka kan kwanta a gindin randa idan an zuba ruwan gulbi, haka kashi da sauran tarkace ke kwantawa a ƙasansa, ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa ba tare da oksijin ba su yi ta cinsu. A wuri mai zafi irin namu, wannan tafki kaɗai kan rage kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyin ƙazantar cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Na biyu ya fi faɗi nesa ba kusa ba, amma zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Nan ne gansakuka ke zama, ba irin mai igiya-igiya da ke kama dutse ba, 'yar ƙarama ce da ido ba ya rabe ta, sai dai ka ga ruwan ya zama kore shar. Da rana tana amfani da hasken rana ta saki oksijin a cikin ruwan, bakteriya su yi amfani da oksijin ɗin su cinye sauran ƙazanta, su kuma su saki abin da gansakukar ke ci. Aikin da ake sayen injin hura iska a yi a manyan matatu, irin ta Wupa a Abuja, shi rana ke yi a nan kyauta.

Na uku, wanda galibi biyu ko uku ake yi a jere, zurfinsa kamar mita ɗaya ne, kuma aikinsa kashe ƙwayoyin cuta.

To ai kowane gari yana da kududdufi, kuma ruwan kwata na shigarsa. Ba shi ke nan ba?

A'a. Kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwa ya same shi a hanya. Ba a auna girmansa da yawan ƙazantar da ke shigarsa ba, ba shi da mafita, ba a daɓe ƙasansa ba, shara da leda da mushe duk suna ciki, ciyawa ta cinye bakinsa. Ruwa na shiga ya zauna har ya ƙafe ko ya nitse ya tarar da rijiyoyin maƙwabta. A tafkin da aka tsara an san lita nawa ke shiga a yini, an san kwana nawa kowane ɗigo zai yi kafin ya fita, an sa mashiga da mafita a kusurwoyin da suka fi nisa da juna don kada ruwa ya yanke hanya. Wanda ya ga kududdufin unguwarsu ya yanke hukunci kan tafkunan tace ruwa bai yi musu adalci ba. Sai dai gaskiya ne, tafkin da aka yi watsi da shi shekara biyu zuwa uku kududdufi yake komawa.

Ita kuma ginanniyar fadama fa?

Wani kwari ne marar zurfi, kamar santimita 60, da ake shimfiɗa wa yumɓu ko leda mai kauri, a cika shi da tsakuwa ko yashi, a shuka ciyawar ruwa a kai. Wata masaniyar tsirrai Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan a shekarun 1950, kuma a 1974 aka gina ta farko mai girma a Othfresen da ke Jamus bisa tsarin Reinhold Kickuth.

Iri uku ne. Akwai wadda ruwa ke kwance a fili tsakanin ciyawa, kamar fadamar gaske. Akwai wadda ruwa ke bi ta cikin tsakuwa daga wannan gefe zuwa wancan, ƙasa da saman tsakuwar da 'yan santimita, har mutum ya taka ya wuce takalminsa bai jiƙe ba. Akwai kuma wadda ake kwara ruwan daga sama lokaci-lokaci ya tsiyaye ta cikin yashi, iska ta biyo bayansa. Faransa ta yi suna da irin ta ukun, inda dubban ƙauyuka ke amfani da ita.

Mutane kan ɗauka ciyawar ce ke shanye ƙazantar. Abin da take sha kaɗan ne. Bakteriyar da ke manne a jikin tsakuwa da saiwoyi su ke yin mafi yawan aikin. Ciyawar tana ba su wurin kamawa, tana shigar da ɗan oksijin ta saiwa, tana kuma taimakawa ƙofofin yashi su zauna a buɗe. In ban da tsarin Faransa, duk sauran suna buƙatar a fara tsayar da ruwan a tanki mai ɗaki biyu, irin wanda ake ginawa kafin ramin sokawe, don taɓo da maiƙo su tsaya a can.

Wacce ta fi cin fili?

An saba jin cewa tafkuna ne masu haɗamar fili. Wannan magana daga ƙasashen sanyi ta zo. A can ana auna tafki da watan da rana ba ta fitowa, ruwa na neman daskarewa. Mu namu watan sanyi shi ne na hunturu, Disamba da Janairu, kuma ko a lokacin matsakaicin zafin yini a Birnin Kebbi ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Duk ƙarin zafi ragin fili ne.

A ɗauki misali. Makarantar kwana mai ɗalibai 1,000, kowa na zubar da lita 50 a yini, wato lita 50,000. Tafkin farko mai zurfin mita 3 zai ci kamar murabba'in mita 50. Na biyu kamar 600. Biyu na ƙarshe, kowanne ruwa ya yi kwana biyar a ciki, 250 kowanne. Jimilla 1,150, idan aka haɗa da jinga da hanyar baro da shinge a ce 1,800. Fuloti huɗu ke nan masu mita 15 a 30.

Fadamar da ruwa ke bi ta ƙarƙashin tsakuwa, a Turai ana ba kowane mutum murabba'in mita 5. A zafi irin namu ana iya saukowa zuwa ɗaya da rabi ko biyu. Ɗalibai 1,000 sun kama 1,500 zuwa 2,000 ke nan, ban da tankin da ke gabanta. Kusan kunnen doki ne, amma ruwan da ya fito daga tafkunan ya riga ya bi matakin kashe cuta, na fadamar kuwa da saura. Duncan Mara na Jami'ar Leeds, wanda ya daɗe yana binciken tafkuna a arewa maso gabashin Brazil, ya yi shekaru yana jan hankalin injiniyoyi kan wannan batu. Kada dai a ɗauki lissafin nan a miƙa wa ɗan kwangila: misali ne, ainihin awon sai an auna ruwan wurin.

A kuɗi fa?

Tafki haƙa ne da daɓe. Idan ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, babban kuɗin ya tafi ga katafila, da simintin mashiga da mafita, da shinge. Idan jigawa ce mai yashi, dole a kawo yumɓu a daɓe kaurin santimita 30, ko a shimfiɗa leda, kuma nan kuɗi ke tashi.

Fadama tana buƙatar duk wannan, sannan ga tsakuwa. Koma ga misalin makarantar: murabba'in mita 1,500 a zurfin santimita 60 ya ba da kubik mita 900. Tifa mai ɗaukar kubik mita 10 sai ta yi sawu 90. Ba kuma kowace tsakuwa ba, sai wadda aka tankaɗe aka wanke, girmanta ya yi daidai da juna. Wanda ke Zuru ko Yawuri, inda dutse ke kusa, lissafinsa daban da na wanda ke Arewa ko Augie. Marmara da aka zubo da ƙurarta kuwa asarar kuɗi ce, cikin ɗan lokaci za ta toshe.

Inda fadama ke fin sauƙi shi ne ƙaramin wuri. Asibitin sha-ka-tafi, masallacin Juma'a, gida mai mutum talatin, ba wanda zai tona musu tafkuna huɗu. Tanki ɗaya da kwarin tsakuwa mai girman tsakar gida sun wadatar.

Wacce ta fi kashe ƙwayoyin cuta?

Tafkuna, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa suka cancanci a fara duba su a jihar da noman rani ya zama sana'ar gari. Abubuwa uku ke haɗuwa. Hasken rana yana ratsa ruwa marar zurfi ya kashe bakteriya. Gansakuka da tsakar rana tana juya ruwan ya yi kaifin kanwa, ma'aunin pH ya haura 9, abin da bakteriyar kashi ba sa jurewa. Sannan akwai daɗewa: ƙwan tsutsar ciki yana da nauyi, idan ruwa ya yi mako uku yana tafiya a hankali, ƙwan ya riga ya kwanta a ƙasa.

A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga ruwan da za a shayar da kayan lambun da ake ci ɗanye: kada bakteriyar kashi su wuce 1,000 a cikin mililita 100, kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita. Ɗanyen ruwan masai kan ɗauki kamar 10,000,000 a mililita 100. Fadamar tsakuwa da ta cire kashi 99 cikin 100, wanda aiki ne mai kyau, ta bar 100,000. Kafin a sauko 1,000 sai an cire 99.99, kuma jerin tafkunan da aka auna daidai a ƙasa mai zafi yana kai wa nan. A ƙwan tsutsa kam fadama ba ta gaza ba, tsakuwa da yashi suna tace shi sosai.

Wanda ya tuna amai da gudawa na 2021, lokacin da aka ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, Kebbi da Zamfara na ciki, ya san wannan ba lissafin takarda ba ne.

Ba za su dame mu da wari ba?

Tafkin farko shi ne mai iya wari, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan an auna shi daidai, kuma ɓawon da ke taruwa a samansa aka bar shi ba a fasa ba, warin ba ya nisa. Idan an ɗora masa fiye da ƙarfinsa, duk unguwa za ta sani. Shi ya sa ake son tazarar aƙalla mita 200 daga gidaje, 500 ya fi. A kuma duba iska: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka kada gari ya faɗo kan wannan layi. A bar wa gari wurin girma ma, don filin da ke bayan gari yau gobe unguwa ne.

Fadamar da ruwanta ke ƙarƙashin tsakuwa ta yi wa tafki fintinkau a nan. Ana iya gina ta a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, baƙo ya wuce ya ɗauka lambu ne.

Sauro da tsargiya fa? Ga kuma yara.

Sauro ba ya son buɗaɗɗen ruwa mai kaɗawa. Inuwar ciyawa da tarkacen da ke yawo a gefe yake nema ya yi ƙwai. Shi ya sa ba a yin tafki ƙasa da zurfin mita ɗaya, don kada ciyawa ta tsiro daga ƙasansa, kuma ake jera falankin siminti ko duwatsu a daidai bakin ruwa. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya shi ma ciyawar gefe yake kamawa. A ƙasar da tsargiya ta daɗe a garuruwan bakin Neja da Rima, fadama mai buɗaɗɗen ruwa tsakanin ciyawa ita ce mafi haɗari a cikin duka, kuma ban ga dalilin gina ta kusa da gari ba. Ta ƙarƙashin tsakuwa ba ta da wannan matsala muddin ba ta toshe ruwa ya hau sama ba.

Maganar yara ba ta wasa ba ce. Yaron Argungu ko Yawuri bai san tsoron ruwa ba, ya ga tafki kore a watan Afrilu zai faɗa. Na farko mita 3 ne, gefensa da santsi, musamman in leda aka shimfiɗa. Shinge da ƙofa mai kwaɗo suna cikin kuɗin aiki tun ranar farko, kuma su ke hana shanu rushe jinga.

Wace ciyawa ake shukawa? Mun ji ana cewa kachala.

Kachala tana aiki, ana amfani da ita a ƙasashe da dama. Amma a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru abin da ta yi musu: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cin shinkafa da gero. 'Ya'yanta kamar auduga suke, iska ke ɗaukarsu. Inda ta riga ta zama 'yar gida ana iya amfani da ita a riƙa yanke ta kafin ta yi kai. Inda babu ita, kada a kai ta. Haka nan kainuwar nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta a tafkin Kainji, ba a kusantar da ita ko da wasa.

Muna da namu. Jema tana da saiwa mai zurfi da yawa, tana jure ruwa tana jure fari, ga shi ana saƙa da ita. Burugu da danginsa suna son ruwa mai taki, kuma a Kamaru an yi amfani da wani ɗan'uwansa wajen tace taɓon masai. Dokar ita ce a ɗauko abin da ya riga ya tsiro a fadamar yankin, a dasa kamar tushe huɗu a kowane murabba'in mita.

Zafin bazara ba zai ƙafar da ruwan ba?

Zai sha rabonsa. A Maris da Afrilu, zafi na haura digiri 40, iska a bushe, ciyawa mai ganye tana fitar da ruwa fiye da yadda buɗaɗɗen tafki ke yi. Idan fadamar misalinmu ta rasa santimita ɗaya a yini, lita 15,000 ke nan daga cikin 50,000. Abin da ya rage gishirinsa ya ƙaru. Ga wanda burinsa ya rabu da ruwan, wannan riba ce. Ga wanda ke son ya yi ban ruwa da shi, asara ce a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

Akwai abin da masu makaranta kan manta, wato dogon hutu. Ɗalibai sun tafi, famfo ya tsaya. Tafki zai ja baya ya jira. Ciyawa kuwa in hutun ya faɗo a rani ba a ba ta ruwa ba, sai a dawo a tarar da karmami.

Me zai hana a gina su a cikin fadama, tunda can ruwa ke gangarawa, laka ma na can?

Ambaliya. Wanda ya ga yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa a jihar nan a daminar 2020 ya san abin da zai faru da tafkin da ke cike da taɓon masai a irin wannan wuri. Na biyu, ruwan ƙasa a fadama kusa yake, wani wurin mita biyu ko uku, kuma daga shi ƙananan rijiyoyin manoman rani ke ja, daga shi mutane ke sha in suna gona. Wurin da ya dace shi ne gangaren tudu, ƙasa da gari don ruwa ya zo da kansa ba tare da injin ba, amma sama da iyakar da dattawan wurin suka san ambaliya ta taɓa kaiwa. A kuma nisanci filin jirgi da aƙalla kilomita 2 saboda tsuntsayen da tafki ke tarawa. Masu fili wajen Ambursa, inda filin jirgin Birnin Kebbi yake, su lura da wannan.

Ana iya ban ruwa da abin da ya fito? Ya halatta?

Ana iyawa, kuma ruwan tafki yana ɗauke da takinsa, don gansakukar da ke sa shi kore taki ce. Masara, dawa, rake, itatuwa, ciyawar dabbobi, duk ba damuwa. Latas, kabeji, tumatir da albasar da za a yanka ɗanye sai an gwada ruwan an tabbatar ya kai ma'auni. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2006 ta ƙara da matakan gona da na gida: a shayar ta kwari ba a watsa a kan ganye ba, a tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin ɗiba, manomi ya sa takalmin roba, a wanke kayan da ruwa mai tsabta.

Ta fuskar addini, malaman Malikiyya sun lissafa shukar da aka shayar da ruwa mai najasa cikin abubuwa masu tsarki. Alwala da wanka kuwa wata magana ce, domin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canja da najasa ba a tsarki da shi. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan da aka tace har ya koma asalinsa ya tsarkaka, amma tacewar da ake nufi ta wuce abin da tafki ko fadama kaɗai ke yi. Ruwan gona ne, ba na buta ba. Kafin a fara aiki, a zauna da limamin gari da masu unguwa a yi musu bayani, don jita-jitar "albasar masai" in ta shiga kasuwa ba ta fita da sauƙi.

Kifi fa?

A tafkin ƙarshe kawai, ko a wani da aka ƙara bayansa. Karfasa tana cin gansakuka tana ƙiba. A gabashin Kolkata da ke Indiya an yi kusan ƙarni guda ana kiwon kifi da ruwan birnin, har aka sa wurin cikin jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2002. A dafa kifin sosai.

Ruwan mayanka, na turara shinkafa da na wankin zinare duk za su shiga?

Na mayanka da na turara shinkafa ƙazantarsu mai ruɓewa ce, amma tana da ƙarfi ƙwarai. Jini kaɗan ya fi ruwan wankan mutane da yawa nauyi. A tare jinin da tumbi daban tun a wurin yanka, ruwan shinkafa a bar shi ya huce, sannan dukansu su fara da tafki mai zurfi. Wanda ya kwara su kai tsaye cikin tsakuwa zai toshe ta.

Ruwan da ke ɗauke da dalma ko zaiba ko sinadarin jima na zamani ba na nan ba ne. Bakteriya ba sa cin ƙarfe. Zai kwanta a taɓo, ya shiga ciyawa, ya bi akuyar da ta ci ciyawar. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 daga sarrafa dutsen zinare a cikin gidaje ta fito. Irin wannan ruwa tsarinsa daban, kuma akwai dokokin NESREA, hukumar tarayya mai sa ido kan kare muhalli, a kansa.

Garinmu ba shi da bututun kwasar ƙazanta, sai motocin zuƙe masai. Wannan zai amfane mu?

Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci ga yawancin ƙananan hukumomi 21 na jihar. Tafki ko fadama ba sa zuwa gida su ɗauki ruwa, sai an kai musu. Shi ya sa wuraren da za a fara su ne masu bututunsu a cikin shinge ɗaya, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe da tafkunanta. Birane irin su Nairobi da Wagadugu da ke tace ruwansu da tafkuna sai da suka shimfiɗa bututu tukuna.

Abin da mota ke zuƙowa daga masai ya ninka ruwan bututu kauri sau da yawa, kuma zarnin da ke cikinsa yana kashe gansakuka. Ba a juye shi cikin tafki kai tsaye. Ana fara zuba shi a kan shimfiɗar yashi da tsakuwa, mai ciyawa ko marar ciyawa, taɓon ya bushe a sama, ruwan ya tsiyaye ya tafi tafki. A nan hanyoyin biyu aiki ɗaya suke yi tare. Rana da iskar Kebbi kuwa ba su da na biyu wajen busarwa, in ban da watannin damina.

Wane irin kulawa suke so?

Mutum ɗaya mai albashi da manjagara da baro da lauje. Da safe ya tsaya a mashiga ya kankare ragar ƙarfe, inda leda da tsumma da ƙunzugun yara suka taru cikin dare, ya kai rami ya binne. Ya zaga tafki na biyu ya kwashe kumfa da duk wata kainuwa da ta fara, don in ta rufe saman ruwa gansakuka ta rasa rana. Ya duba jinga ko ɓera ko gafiya sun yi rami. Sannan ya kalli launin ruwan. Kore shar lafiya ce. In ya koma toka-toka ko ruwan hoda ko ja-ja, an yi masa lodi fiye da kima. Tafkin farko kuma ana kwashe taɓonsa idan ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa, abin da kan zo duk shekara ɗaya zuwa uku. Gara a gina shi biyu gefe da gefe, a rufe ɗaya ya bushe da rani yayin da ɗayan ke aiki.

A fadama, aikin shi ne kwashe tankin gaba a kan lokaci, yankan ciyawa, cire baƙin tsiro, da duba tsayin ruwa a mafita. Ciwonta ɗaya ne, toshewa. Alamarsa ruwa baƙi ya fara kwanciya a saman tsakuwa wajen mashiga. In ka sa shebur a nan za ka ga tsakuwar ta haɗe da wani baƙin taɓo mai yauƙi da saiwoyi, ba ƙofar da ruwa zai bi. Gyaran sai an tone an wanke ko an sake tsakuwa. Tafkin da aka yi sakaci da shi ana iya farfaɗo da shi da leburori cikin makonni. Fadamar da ta toshe kusan sabon gini take nema.

A taƙaice, wacce za mu zaɓa?

Idan mutanen sun kai ɗaruruwa ko dubbai, akwai fili a bayan gari, ƙasar na riƙe ruwa, kuma ana son ruwan ya je gona, a ɗauki tafkuna. Idan wurin ƙarami ne, gidaje sun kewaye shi, ba tazarar da za a bayar, tsakuwa kuma na kusa, a ɗauki fadamar ƙarƙashin tsakuwa. Idan ruwan zai koma gulbi ne ba gona ba, ana iya ƙara 'yar fadama bayan tafkuna ta tace gansakukar ruwan ya fita garau. Kowacce aka zaɓa, a rubuta albashin mai kula a kasafin kuɗi kafin katafila ta shigo.

Daga gama gini zuwa fara aiki wane lokaci ake ɗauka?

Tafki ya fi son a buɗe shi da zafi. Ana fara cika na biyu da na ƙarshe da ruwan gulbi ko na rijiya, sannan a riƙa sakin ƙazamin ruwan kaɗan-kaɗan, cikin mako uku zuwa huɗu zai yi kore. Na farko ana zuba masa taɓo daga wani tsohon tankin masai don bakteriya su samu iri, in ya yi tsami yana wari a makonnin farko a sa masa ɗan farar ƙasa. Fadama kuma farkon damina ake dasa ta, a ɗaga ruwa kusa da saman tsakuwa har saiwa ta kama, sannan a riƙa sauke shi a hankali don saiwar ta bi shi ƙasa. Takan yi wata uku zuwa shida kafin ciyawar ta rufe, kuma a wannan tsakani awaki ne babban abin tsaro.